KIRSIMETI DA JARRABAWA: YADDA ƘARSHEN SHEKARA YAKE GA ƊALIBIN JAMI'A

A makarantar sakandare irin tamu, watan Disamba ba ya ruɗa kowa. Ana gama jarrabawar zango na fari, sai a yi sujadar waƙoƙin Kirsimeti, a raba katin sakamako, kowa ya ɗaure akwatinsa ya nufi gida. Littafi kuwa, sai Janairu. Wanda ya yi shekara shida a haka, jikinsa ya riga ya saba cewa Kirsimeti da ƙarshen karatu tare suke zuwa. To, ya ku 'yan aji shida da ke shirin fita, ku sani a jami'a da manyan kwalejoji ba haka abin yake ba. Sau da yawa Kirsimeti yakan sami ɗalibi a tsakiyar karatu, jarrabawa tana jiransa a bakin ƙofa. Wannan ɗan bambanci ya kā da yara masu ƙwaƙwalwa da yawa a shekararsu ta fari, shi ya sa na ga ya kamata a bayyana shi sosai, domin ku da iyayenku da ke karanta wannan littafi.

Shekarar karatu a jami'a kashi biyu ce, ba uku ba. Kowane kashi ana ce da shi simesta. Wasu jami'o'in kudu, kamar ta Ile-Ife, suna kiran na fari simestar hunturu, na biyu kuma simestar damina. A ƙa'ida, simesta takan ɗauki kamar mako 15 na lacca, sa'an nan mako biyu ko uku na jarrabawa. Idan aka buɗe a watan Oktoba, yadda tsarin asali yake, ku lissafa da kanku: mako 15 zai kai ku ƙarshen Janairu. Watau ranar 25 ga Disamba tana faɗowa ne lokacin da aka ci kusan kashi biyu cikin uku na karatun. Hutun da ake bayarwa a lokacin ɗan numfashi ne kawai, mako ɗaya ko biyu. Akwai ma inda ba a ba da komai sai ranakun da gwamnati ta keɓe, wato 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu.

Wannan ke nan idan komai ya tafi daidai. Amma a jami'o'in gwamnati kalanda ta daɗe da gocewa saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU. An yi a 1992 da 1994 da 1996, aka kuma ci gaba da yi bayan haka. Na 2013 ya fara ranar 1 ga Yuli, bai ƙare ba sai 17 ga Disamba. Na 2020, wanda ya haɗu da annobar korona, ya fara a watan Maris, aka janye shi ana saura kwana biyu Kirsimeti. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk lokacin da aka dawo daga irin wannan, hukumar jami'a takan matse simesta domin a cike giɓi. Saboda haka ɗaliban wata jami'a suna rubuta jarrabawa har 22 ga Disamba, na wata kuma ba su fi mako uku da farawa ba. Yara biyu 'yan gida ɗaya za su iya haɗuwa a gida ranar Kirsimeti, ɗaya ya sauke kayansa sarai, ɗaya kuwa kayan na kansa. Iyaye su lura da wannan, kada a auna su da mudu ɗaya.

YADDA AKE LISSAFIN

Dalilin da ya sa ƙarshen simesta yake da nauyi haka shi ne yadda ake lissafin sakamako. A nan, idan yaro ya fāɗi zango na fari, zai iya gyarawa a na biyu, kuma a ƙarshe jarrabawar WAEC ko NECO ce za ta yi magana. A jami'a babu wata babbar jarrabawa guda da ke jira a ƙarshe. Kowace simesta tana ajiye nata dutsen a cikin ginin, kuma ba a cire shi.

Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Wani yunit 2 ne, wani 3, wani 4. Ɗalibi yakan yi rajistar tsakanin yunit 15 zuwa 24 a simesta. A kowane kwas, maki 30 ko 40 cikin 100 suna fitowa daga gwaje-gwaje da jingar da aka yi tun ana tsakiyar karatu, sauran 70 ko 60 daga jarrabawar ƙarshe. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya sami 70 zuwa sama yana da A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. Daga 50 zuwa 59 C, darajarta 3, haka har a sauko zuwa F wadda ba ta da komai. Ana ninka darajar da yunit na kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimlar yunit. Abin da ya fito shi ne GPA na wannan simesta. Idan aka haɗa na dukan simestocin da mutum ya yi, shi ne CGPA, kuma da shi ake yanke matsayin digiri. Kwalejojin fasaha suna amfani da ma'aunin 4 maimakon 5, amma hanyar ɗaya ce.

Bari mu ɗauki misali. Ɗaliba tana da kwas shida, kowanne yunit 3, jimla 18. Ta sami B a guda biyar, wato 4 sau 3 sau 5, maki 60 ke nan. Idan ta sami C a na shidan, an ƙara mata 9, ya zama 69, a raba da 18, ta tashi da 3.83. Idan kuwa ta fāɗi na shidan, 60 ɗin nan kaɗai za a raba da 18, ta tashi da 3.33. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40. Kun ga kwas ɗaya tak ya tsallakar da ita daga wannan gefen layi zuwa wancan. Bugu da ƙari, kwas ɗin da aka fāɗi ba ya tafiya. Sai an sake yin rajistarsa a shekara mai zuwa, a zauna da 'yan ajin baya, a ɗora shi bisa kayan sabuwar shekara. Shi ne ɗalibai suke kira kari-oba. Sifilin farko kuma yana nan cikin lissafi ko da an ci daga baya. Wanda CGPA ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, za a ba shi gargaɗi na shekara guda, in bai tashi ba a sallame shi.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne, kwas na shidan nan, wanda ke tsakanin C da F, galibi shi ne wanda ɗalibi ya ce zai karanta “idan an je gida hutu”.

MAKONNIN ƘARSHE A MAKARANTA

Makonnin da ke gaban Kirsimeti su ne mafi wuya. Malamin da bai cika zuwa aji ba a farkon simesta yanzu ne zai sa lacca da ƙarfe bakwai na safe, har da ranar Asabar. Kowane malami yana so ya yi gwajinsa kafin a watse, sai ka ga gwaji uku a rana ɗaya. Ga dokar halartar aji: jami'o'i da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci ba ya shiga jarrabawa. Wanda ya gudu gida tun 15 ga wata domin bikin auren ɗan kawunsa, ya dawo ya tarar an yi gwajin maki 20 ba ya nan, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Babu ƙararrawa, babu shugaban ɗalibai mai zagaya ɗakuna, babu malamin gida da zai tambayi inda ka shiga. Ba wanda zai hana ka tafiya, ba kuma wanda zai mayar maka da makin.

A daidai wannan lokaci ne kuma abinci yake ƙarewa. Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin ɗakin cin abinci inda ake ba da kaza ranar Lahadi. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini yana cikin abin da ya tā da zanga-zangar ɗalibai ta 1978. A tsakiyar shekarun 1980 aka daina ciyar da ɗalibai, tun daga nan kowa da tukunyarsa. Shinkafa da wake da manjan da aka zo da su a farkon simesta, zuwa Disamba sai gindin buhu. Daga nan sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Ɗalibai har suna da lissafin kansu na wasa: sifili-ɗaya-sifili, watau ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Ana faɗa ana dariya, amma mai karatu da yunwa ya san ba abin dariya ba ne. A ƙara da sanyin hunturu. Wanda ya taɓa kwana a aji a Jos ko a Samaru cikin Disamba, iska tana shigowa ta tagar da ba gilashi, ya san dalilin da ya sa ake zuwa karatun dare da bargo da hular sanyi.

Karatun kwana-zaune, har gari ya waye, al'ada ce a wurin ɗalibai, amma ni ban ga amfaninsa sosai ba. Mutum ya sha kofi, ya ci goro, ya jiƙa ƙafa cikin ruwan sanyi, da safe ya shiga ɗakin jarrabawa kansa na juyawa. Awa uku kowace rana tun daga mako na biyu sun fi dare bakwai a jere a mako na ƙarshe. A bar kaza cikin gashinta game da waɗanda ke shan ƙwayoyi wai don kada su yi barci. Asibitocin jami'a sun san su.

Inda tsoro da rashin shiri suka haɗu, nan jaraba take shigowa. Wani zai zo ya ce yana da tambayoyin gobe, a kawo kuɗi. Wani zai roƙe ka ka buɗe masa takardarka, ya ce ai taimakon ɗan'uwa ne, har ya haɗa ka da Allah. Ku sani dokar jami'a ba ta bambanta mai kwafa da wanda ya buɗe masa. Hukuncin yakan kai kora, ko da mutum yana shekarar ƙarshe, kuma akwai dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa wadda ta tanadi tara ko ɗauri. Taimakon ɗan'uwa na gaskiya ana yinsa ne kafin a shiga ɗaki. A nan zumuntar ɗalibai Kirista take da amfani ƙwarai. FCS da kuka sani a nan, wadda aka fara a Gindiri a 1957, tana nan a manyan makarantu, ga NIFES, ga ta 'yan Katolika. A yawancinsu 'yan manyan aji sukan shirya wa sababbi darasin bita kyauta, su ba su tsofaffin takardun tambayoyi. Sai dai a nan ma akwai tarko. Disamba watan hidima ne: koyon waƙa kowace yamma, wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, taron addu'a na dare, fita bishara. Ɗalibin da ya shiga ƙungiya huɗu ya karɓi muƙami a uku zai iske ba shi da lokacin littafi, kuma fāɗuwa jarrabawa ba ta zama shaida mai kyau don an yi ta saboda aikin majami'a. A zaɓi hidima ɗaya a yi ta da aminci.

HANYA DA GIDA

Maganar hanya gajeriya ce, gama kowa ya san ta. Kuɗin mota yakan hau daga wajen 20 ga wata, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kuɗin zuwa gida ya zama babban abu a aljihun ɗalibi. Mai hankali yakan ware shi tun ranar da ya iso makaranta, ya manta da shi. Direbobi suna sauri domin su yi sawu biyu, ga hazo, ga lodi. Wanda zai bi ta Hawan Kibo, ko daga Zariya ta Pambeguwa da Saminaka, ko doguwar hanyar Bauchi da Gombe zuwa Numan ko Biu, ya shiga mota a cikin tasha, ya yi sammako, ya bar tafiyar dare, ya kuma gaya wa na gida motar da ya shiga.

Ba kowa ke tafiya ba. Kowace shekara akwai waɗanda ke yin Kirsimeti a ɗakin kwanan ɗalibai, wasu don nisa, wasu don rashin kuɗin mota, wasu don garinsu ba kwanciyar hankali. Masu sayar da abinci sun rufe, harabar makaranta ta yi tsit. Ikilisiyoyin da ke kusa da manyan makarantu suna da aiki a nan wanda ba ya bukatar kwamiti: kowane gida ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu ranar 25 ga wata. Sau da dama abokin ɗaki Musulmi ne ke zama tare da irin wannan ɗalibi, kamar yadda shi ma yake cin naman Sallah a wurinsa, kuma in an gayyaci ɗaya, kyautuwa a ce ya zo da ɗayan.

Wanda ya isa gida kuwa, zai tarar an riga an tsara masa kwanakinsa. Kaka ce, akwai dawa da za a kwaso daga gona, akwai sussuka. Akwai bukukuwan aure, gama kowa Disamba yake jira. Akwai taron ƙungiyar ci gaban gari da na ɗaliban yanki, da wasan ƙwallo tsakanin unguwanni. Fasto zai ce ɗan jami'a ya karanta Luka sura 2 ko ya yi fassara, matasa za su ce ya yi musu magana. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, kuma ɗalibin da ya dawo yana ɗaga hanci, yana amsa gaisuwar dattawa da Turanci, ya ƙi taɓa fartanya, ya jawo wa kansa da makarantar da ta yaye shi abin faɗa. Amma kwana goma ne fa. A cire biyu na hanya, a cire ranar Kirsimeti da kashegari, a cire daren shiga sabuwar shekara da ranar 1 ga wata. Abin da ya rage bai fi kwana huɗu ba. Littattafai bakwai da aka cika jaka da su, haka za su koma ba a buɗe ba. Gara a ɗauki kwas ɗaya, wanda ya fi ba da tsoro, a ba shi awa biyu kowace asuba kafin gida ya tashi.

A nan ina da magana da iyaye, musamman game da 'ya'ya mata. Ɗa namiji in ya dawo, yakan sami inuwa ya zauna. 'Ya mace kuwa tun daga ranar da ta sauka tana gindin murhu: suyar cincin, gyaran kaji, ɗiban ruwa, wanke-wanken baƙi, har ranar komawa. Jarrabawar da ke jiran ɗan'uwanta ita ce ke jiranta, malamin da zai duba takardarta kuma bai san tukunya nawa ta wanke ba. In an raba aikin, an bar mata safiya, an yi mata abin da ya fi sabon zane. Haka kuma tambayar “yaushe za ki kawo mana shi?” da gwaggo da inna suke yi a gaban jama'a, a rage ta.

Abu na biyu, ku tambayi sakamako, ku kuma ce a nuna muku a rubuce. Iyaye da yawa suna jin nauyin tambaya don ba su yi jami'a ba, sai su tsaya a “yaya karatu?”, a amsa musu “lafiya lau”. Yanzu kun san ma'anar lambobin. Yawancin makarantu suna sa sakamako a shafinsu na intanet, ana iya buɗe shi a waya. Akwai yaran da suka ɓoye kari-oba shekara biyu, uku, har ranar da abokansu suka tafi bautar ƙasa su ba su tafi ba. Akwai ma wanda aka sallama, ya ci gaba da karɓar kuɗin makaranta yana zaune a gari don kunya. Abin da ke sa yaro ya ɓoye shi ne tsoron faɗa, saboda haka in ya faɗi gaskiya, a fara da sauraro. Kari-oba ɗaya a shekarar fari ana gyara shi. Biyar a shekara ta uku sun fi ƙarfin faɗa.

Ku ma ɗalibai, ku yi maganar kuɗi da wuri, kada ku bari sai daren komawa. Manomi ya san hatsi ba ya daraja a lokacin kaka, kuma buhun da aka sayar da gaggawa ranar 2 ga Janairu don kuɗin mota hasara ce ga dukan gida. Ku rubuta abin da ake bukata filla-filla, na gaskiya, ba tare da ƙarin littafin da babu shi ba. Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga masu karatu a makarantun gwamnati. Bashi ne, ba kyauta ba, don haka a zauna da iyaye a yi shawara kafin a nema. Abin da aka fi bukata daga gida kuwa sau da yawa ba kuɗi ba ne: garin masara, wake, acca, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, yaji, ɗan man gyaɗa. Waɗannan su ne za su riƙe mutum cikin makonnin jarrabawa, lokacin da ba shi da sukunin zuwa kasuwa.

A koma ranar da aka ce. Ɗalibai suna da wata al'ada ta ƙara wa kansu mako guda, wai ba a fara komai a makon fari. A farkon simesta wataƙila haka ne, amma bayan Kirsimeti malamai suna dawowa ne da niyyar rufe kwas, kuma a makon nan ake liƙa jadawalin jarrabawa. Jadawalin farko yakan canza, don haka a riƙa duba allon sanarwa na sashe kowace rana, kada a dogara da abin da wani ya turo a WhatsApp. Wanda ya ga kwas biyu nasa sun faɗo a sa'a ɗaya, ya kai ƙara wurin jami'in jarrabawa na sashe tun kafin a fitar da na ƙarshe. A ranar jarrabawa a tafi da katin shaida da katin jarrabawa, a sa hannu a takardar halarta lokacin shiga da lokacin miƙa takarda, gama wannan sa hannun ne kaɗai hujjar mutum idan aka ce ba a ga sakamakonsa ba. Sakamakon kansa yakan ɗauki makonni, wani lokaci sai simesta ta biyu ta yi nisa. Idan ya fito aka ga gurbi a gaban wani kwas da aka rubuta, a rubuta takardar koke ta hannun malamin da ke kula da ajin a cikin makon, a kuma ajiye kwafi.